Kibiya Biyu da Dunƙulen Ulu: Saƙar Taimako Kafin Hunturu Ya Sauka a Dirin Daji

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a jihar Kebbi, da na Zuru da Dabai da Ribah da Wasagu da Mahuta, har zuwa maƙwabta na Rijau a jihar Neja. Shirin na yau na masu kibiya da zare ne, da waɗanda suka daɗe suna sha'awar koyon saƙa amma ba su san ta inda za su fara ba. Zai kawo bayanin yadda ake zaɓen kibiyar saƙa, da abubuwa uku masu sauƙi da za a iya saƙawa a bayar saboda Allah. Akwai lambobi da awo a ciki, don haka mai biro da takarda ta matso da su kusa.

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Zuru tsakanin Disamba da Janairu ya san sanyin asuba. Da rana a sha zafi da ƙura, amma da dare ya raba sai iskar hunturu ta bi ta ƙarƙashin ƙofa da kafar taga. Babba ya ja bargo ya ƙudundune. Jaririn da aka haifa a wannan dare ba shi da wannan dabara. A jiƙe ya fito, fatarsa ba kauri, kitsen jikinsa kaɗan ne, kuma ba ya iya rawar ɗari yadda babba ke yi don ɗuma jikinsa. Kansa kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawonsa, shi ya sa ɗumin jiki ke saurin fita ta nan idan an bar shi a buɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da zarar ya yi ƙasa da 36.5, sanyi ya kama shi ke nan, ko da uwa ba ta ga wata alama ba tukuna. Jaririn da sanyi ya kama yakan rage tsotso, sukarin jininsa ya sauka, numfashi ya yi masa wuya. Waɗanda abin ya fi yi wa barazana su ne bakwaini, wato waɗanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, da waɗanda nauyinsu bai kai kilo 2.5 ba. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. A binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha rasa ƙananan yara: 252 cikin kowane 1,000 ba su kai shekara biyar ba.

Dalilan wannan asara suna da yawa, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa tamowa da nisan asibiti, kuma hula ba za ta magance su duka ba. Amma sanyin jariri yana cikin abubuwan da hannun mutanen gari zai iya kaiwa. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga kwalaben ɗumama jarirai sun yi wa asibitinsa kaɗan, sai ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure su da zane. Yau duniya ta karɓi wannan hanya, kuma tun Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta nan take bayan haihuwa. Jaririn da ke ƙirjin uwa ta wannan hanya abu uku kawai ake sa masa: ƙunzugu, da safa, da hula. Biyu daga cikin ukun nan aikin mai saƙa ne.

Akwai kuma wasu masu buƙata da kowa ya sani a wannan yanki. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Sakaba da Danko-Wasagu, kuma ba a manta da watan Maris na 2022 ba, lokacin da aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo zaman lafiya. Iyalan da suka gudo cikin gari da yawansu da kayan jikinsu kaɗai suka fito, ga tsofaffi, ga masu goyo, ga masu ciki.

To, ta ina mai niyya za ta fara? Da yawa sukan fara da sayen kibiya, sannan su nemi zare, daga baya su yi tunanin wanda za su saƙa wa. Ƙwararrun masu saƙa akasin haka suke yi. Su fara sanin wanda zai sa kayan, shi ne zai nuna irin zaren da ya dace, zaren kuma shi ne zai nuna kibiya.

A ɗauki zare tukuna. Abin da ake kira ulu a kasuwannin nan, irin su Yeye, yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi a masana'anta. Wannan ba aibu ba ne ga saƙar taimako. Yana da araha, yana jure wanki da sabulun da ake da shi a gida, yana saurin bushewa, ba ya tsukewa, kuma asu ba ya cin sa. A zaɓi mai laushi, a goga shi a wuya ko a bayan hannu. Idan ya yi ƙaiƙayi, bai dace da jariri ba. Mai koyo ta guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin ba ta ganin inda kibiya ke shiga, musamman da dare a hasken tocila. Ta guji mai gashi-gashi da mai ƙyalƙyali, domin yana ɓoye kuskure, gashin kuma yana shiga hanci da bakin jariri.

Auduga ma tana da gurbinta. Mafi tsufan saƙar kibiya da aka gano a duniya a Masar aka same ta, safa ce ta auduga mai fari da shuɗi, wadda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Ashe sana'ar ba baƙuwar Afirka ba ce. Inda har yanzu ake samun tsohuwa mai kaɗi, abawarta za ta yi tsumman wanka da bargon shimfiɗa mai kyau. Sai dai auduga ba ta miƙewa ta koma kamar ulu, ba ta kai shi riƙe ɗumi ba, don haka a bar wa ulu hula da safa.

Yanzu sai kibiya. Abu uku ake dubawa: kaurinta, da abin da aka yi ta da shi, da siffarta.

Kauri shi ne kan gaba, kuma nan ne ake yawan ruɗewa, domin lamba iri uku ce ke yawo a kasuwa. Akwai awon milimita, wanda shi ne ainihin kaurin kibiya. Akwai lambar Amurka, wadda ke hawa yayin da kibiya ke ƙara kauri. Akwai kuma tsohuwar lambar Ingila, wadda ke sauka yayin da kibiya ke ƙara kauri, kuma ita ce a jikin tsofaffin kibiyoyin da aka gada wurin iyaye da malaman makarantun mata. Kibiya mai milimita 4, lamba 6 ce a Amurka, lamba 8 a Ingila. Mai milimita 5 kuwa, lamba 8 ce a Amurka, lamba 6 a Ingila. Ke nan mata biyu na iya cewa dukansu lamba 8 suke riƙe da ita, alhali ta ɗaya ta fi ta ɗayar kauri da milimita guda, kuma saƙarsu ba za ta taɓa zuwa daidai ba. Maganin wannan a yi magana da milimita kawai.

Ga yadda zare da kibiya ke tafiya tare, a rubuta. Siririn zare, irin na kayan jarirai, milimita 3 zuwa 3.25. Matsakaici, wanda a takardarsa akan ga harafin D da K, milimita 4. Wanda ya ɗara shi kauri, milimita 5. Kakkauran zare na bargo, milimita 6 zuwa 6.5. Idan takardar da ke jikin dunƙulen ta yage ko babu ita, a ninka zaren biyu a ɗora kusa da kibiya. Wadda kaurinta ya zo daidai da ninkin, ita ce kusan daidai. Zaren da ya yi siriri da yawa kuwa, a haɗa biyu a saƙa su tare.

Wadda kuɗinta na kibiya biyu ne kacal, ta sayi milimita 4. Da su da matsakaicin zare za ta iya yin duk abin da za a ambata a wannan shiri.

Sai abin da aka yi kibiyar da shi. Ta ƙarfe, ko ta alminiyam, tana da santsi, zare na gudu a kanta, ba ta karyewa, ita ce abokiyar wadda hannunta ya faɗa. Amma wannan santsin ne ke wahalar da mai koyo, domin da ta ɗan karkata hannu sai saƙar ta zame. Ta gora ko ta katako tana riƙe zare, ba ta da nauyi, ba ta yin sanyi a hannu da asubar hunturu, shi ya sa ta fi dacewa da mai koyo da tsohuwar da gaɓoɓinta ke ciwo. Ta roba ta fi araha, amma siririyarta na lanƙwashewa, kuma ba a barin ta a rana ko kusa da murhu.

Rashin kuɗin kibiya bai taɓa hana 'yan matan ƙasar nan koyon saƙa ba. Da yawa da tsinken tsintsiya suka fara, wasu da wayar tayar keke. Wayar keke wajen milimita 2 take, ta yi wa mai koyo siriri, tana kuma yin tsatsa ta ɓata farin zare. Abin da ya fi shi ne a sami busasshiyar gora, a ba wa kafinta ko wani yaro mai hannu ya fere guda biyu tsawo ɗaya, kauri ɗaya, ya goge su da takardar guga har su yi sumul, a shafe su da kakin zuma ko kyandir, a ɗaura ƙyauro ko roba a gindinsu don kada saƙa ta fice ta baya. Fensirin makaranta wajen milimita 7 yake. Kibiyar da ake so ta ɗan wuce rabinsa. Bakinta ya yi tsini daidai yadda zai shiga madauki, kada ya yi kaifin da zai tsaga zare ko ya huda yatsa.

Ta fuskar siffa, iri uku ne. Akwai miƙaƙƙu guda biyu masu kai a gindi, tsawonsu santimita 25 zuwa 35. Gajerun sun fi sauƙin riƙewa, kuma sun isa hula da safa da fallen bargo. Akwai mai igiya, wato gajerun kibiyoyi biyu da siririyar igiyar roba ta haɗa. Da ita ake saƙa hula a zagaye ba ɗinki, da ita kuma ake saƙa babban bargo, domin nauyinsa na sauka a cinya maimakon wuyan hannu. Mai sayen ta ta shafa mahaɗar kibiya da igiya, idan ta ji kaushi ta ajiye, domin nan zare zai riƙa maƙalewa. Akwai kuma masu baki biyu, da ke zuwa huɗu ko biyar, na safa da ƙananan huluna. A bar su sai hannu ya nuna. Wadda kuma ta fi sabawa da kwarashi, kada ta ce shirin ba nata ba ne, duk awon santimita da za a faɗa yana aiki a kan kwarashi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanku da sake kasancewa da shirin. Kafin a shiga abubuwan da za a saƙa, ga sunayen da za a yi amfani da su. Madaukan zare da ke jere a kan kibiya, za a kira kowanne ido. Idan kibiya ta shiga ido zare yana bayan saƙa, saƙar gaba ce. Idan ta shiga zare yana gaban saƙa, saƙar baya ce. Duk wani ado da ake gani a jikin suwaita daga waɗannan biyun ya fito.

Hannun kowa daban. Wata tana matse zare, wata tana sassautawa, don haka kafin a fara aikin gaske a yi ɗan gwaji. A ɗora ido 26, a saƙa wajen santimita 10, a shimfiɗa shi ba tare da an ja ba, a sa tef ɗin tela a ƙirga. Da matsakaicin zare da kibiya mai milimita 4, ido 22 ya kamata ya ba da santimita 10. Idan idon ya fi haka yawa, hannun na matsewa, a ɗauki kibiya mai ɗan kauri. Idan bai kai ba, hannun ya yi sako-sako, a koma wadda ta fi siriri. Rabin awa da aka kashe a wannan gwaji ya fi warware hular da ta yi wa jariri yawa har tana rufe masa ido.

Abu na farko shi ne falle mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe. A ɗora ido 44, a yi saƙar gaba zalla, zuwa da dawowa, har tsawo ya kai faɗi, sannan a rufe. Saƙar gaba zalla tana da kauri, tana da ɗumi, kuma gefenta ba ya naɗewa. Akwai wata dabara da ta fi wannan ga rukunin da zarensu da hannunsu suka bambanta. A fara da ido 3 daga kusurwa, a riƙa ƙara ido ɗaya a farkon kowane layi, har gefen ya kai santimita 20. Daga nan a juya, a riƙa rage ido ɗaya a farkon kowane layi har a koma 3, a rufe. Ta wannan hanya tef ne ke yanke hukunci, ba ƙirga ba, kuma kowane falle zai fito daidai da ɗan'uwansa. A bar jelar zare mai tsawon kamu biyu a ƙarshe, da ita za a ɗinke.

Falle 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance, bargon jariri ne mai santimita 80. Falle 35, biyar a faɗi bakwai a tsawo, bargo ne mai mita 1 da mita 1.4, wanda zai rufe yaro ko ƙafafun tsoho.

Wannan awo na santimita 20 da falle 35 shi ne wanda ƙungiyar Knit-a-Square ke amfani da shi. A 2008 aka kafa ta, bayan Ronda Lowrie, mazauniyar Afirka ta Kudu, ta ba wa Sandy McDonald ta Ostireliya labarin marayun da ke kwana cikin sanyi. Tun daga lokacin mutane daga ƙasashe da dama ke aiko da fallaye ta gidan waya, matan Soweto da kewaye suna haɗa su barguna. Kafin su, a 1991, wata mai shagon zare a jihar Wiskonsin ta Amurka, Evie Rosen, ta fara irin wannan don marasa matsuguni, abin da ya zama ƙungiyar Warm Up America. A Adis Ababa kuwa, asibitin masu yoyon fitsari da likitoci Catherine da Reginald Hamlin suka buɗe a 1974 ya shahara da ba wa majinyatansa bargon saƙar hannu mai launi-launi. Mutanen ƙasar Hausa ba sa buƙatar a koya musu wannan hikima. Masaƙan gargajiya siraran ƙore suke saƙawa a ɗinke su gefe da gefe, a sami gwado ko luru. Mutanen ƙasar Zuru kuma, masu golmo da gayya, sun san abin da taron hannu ke yi wa gona.

Abu na biyu, hular jariri. Kan jaririn da ya cika wata tara yana da kewayen santimita 33 zuwa 35, kuma hula kan ɗan fi kai ƙanƙanta domin tana miƙewa. A ɗora ido 64. A yi santimita 3 na bakin hula da gaba ɗaya, baya ɗaya, gaba ɗaya, baya ɗaya. Wannan saƙa ce ke kama kai ba tare da ta matse ba. Daga nan a yi layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, har tsawon duka ya kai santimita 11. Sai a haɗe ido bibbiyu a layi guda, 64 su koma 32. A saƙa layi ɗaya ba ragi, a sake haɗe bibbiyu su koma 16. A yanke zare da tsawo, a zura shi a babbar allura, a bi ta cikin idon da suka rage, a ja a tsuke, sannan a ɗinke gefen hular da ɗinki kwance, wanda ba zai yi tudu ya kwanta wa jariri a kai ba. Na bakwaini, a ɗora ido 52, tsawo santimita 9 kafin ragi. Idan ta zauna daram a kan babban lemo, ta yi. A maimaita don mai rubutu: cikakken jariri ido 64, bakwaini ido 52.

Hula ɗaya ba ta wuce cin giram 25 na zare ba, ke nan dunƙule mai giram 100 zai ba da wajen huɗu. A 2006 ƙungiyar Save the Children ta nemi masu saƙa a Amurka su yi irin waɗannan huluna, aka tara dubun dubata, aka kai wa jarirai a Malawi da Bangaladash. Abin da ya ƙetare teku kafin ya isa can, a nan tsakanin unguwa da asibitin gari ne kawai.

Abu na uku, safar jariri marar dunduniya. A ɗora ido 28, a yi gaba biyu, baya biyu, har santimita 12, a tsuke ƙarshen kamar na hula, a ɗinke gefe. Saboda ba ta da dunduniya, tana shiga kowace ƙafa, kuma jariri na girma tana binsa. Wadda ta gama waɗannan ukun, idan tana son ƙari, ta ɗora ido 36 ta yi ta saƙar gaba har mita ɗaya da ɗoriya, ta sami abin naɗe wuya ga tsoho, ko almajiri, ko ɗan makaranta mai sammako.

Yanzu ga gargaɗi, kuma a saurara da kyau. Kayan jaririn da za a bayar kada a sa musu maɓalli, ko duwatsun ado, ko tuntu a saman hula, domin suna cirewa su shiga baki. Kada a sa igiyar ɗaurewa a haɓa ko a idon sawu. Kada a yi saƙa mai manyan huji da 'yan yatsu za su shiga su sarƙe. Duk jelar zare a soke ta cikin saƙa, kada a bar ƙulli. Bargo a jiki yake tsayawa, ba a rufe fuskar jariri da shi. Zaren roba kuma idan ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata, alhali a hunturu ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon garwashi. A nisanta jariri da kayansa daga wuta, kada kuma a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki, domin hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Zafi ma cuta ne: idan jariri na gumi, ko jikinsa ya yi zafi, a cire hula, idan zafin bai sauka ba a garzaya asibiti. Kuma hula ba ta maye gurbin tsane jariri da zarar an haife shi, da ɗora shi a ƙirjin uwa, da ba shi nono cikin awar farko, da jinkirta wankan farko har awa 24, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke shawarta.

Tsafta ita ma cikin sadakar take. A wanke hannu kafin a ɗauki saƙa, a riƙa ajiye ta a jaka ko bokiti mai murfi saboda ƙura da hayaƙin girki. Wadda hunturu ya fasa wa yatsu ta shafa man kaɗe da dare, don kada kaushi ya riƙa cizge zare. Idan an gama, a wanke kayan da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shimfiɗa su bushe sarai, kada a sa turare, a zuba kowanne a leda mai tsabta.

Saura tsarin aiki. Wuraren da mata ke haɗuwa suna nan tuni: Islamiyyar matan aure, da Zumuntar Mata a coci, da rassan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da 'yan adashi, da cibiyoyin koyon sana'a. Mata goma, kowace falle ɗaya a mako, cikin mako 12 sun tara 120, wato bargon jarirai bakwai har da saura. Wadda ba ta iya saƙa ba ta sayi dunƙule ɗaya, ko ta karɓi ɗinkin haɗawa. Mai injin saƙa ta ba da guntayen zaren da ke rage mata, domin bargon fallaye ba ya ƙin launi. Maza ma kada su ja baya. A ƙasar nan maza ne ke zama a masaƙa, su ne kuma suka yi suna a ɗinkin hula da aikin babbar riga. A naɗa mace ɗaya mai riƙe tef, ta auna kowane falle kafin a karɓa, ta gyara wa mai koyo cikin mutunci.

Kafin a ɗora ido ko ɗaya, wakilai biyu su je wurin ma'aikaciyar ɗakin haihuwa a asibitin gari, da ungozomomin unguwa, da shugabannin waɗanda suka yi gudun hijira, su tambaya: me kuka fi buƙata, guda nawa, wane girma? Wataƙila a ce huluna sun wadata, barguna ake nema. Wataƙila a ce na bakwaini ne babu. Wajen bayarwa kuma a kiyaye darajar mai karɓa. A miƙa ta hannun ma'aikaciyar lafiya ko wata dattijuwar da aka yarda da ita, ba tare da tara jama'a ko ɗaukar hoton mai jego ba, ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba. Abin da mai saƙa ba za ta sa wa ɗan cikinta ba, kada ta ba wa ɗan wata.

Lokacin farawa shi ne tun ana cikin damina. Rukunin da ya kama aiki a watan Agusta ko Satumba zai shiga Disamba da kayansa a wanke, a ninke, a hannun masu rabawa. Wanda ya jira sai sanyi ya sauka, sai ya gama a lokacin da zafin Maris ya fara leƙowa.

Ga lambobin a taƙaice, don wadda ta shigo a makare: kibiya milimita 4, matsakaicin zare, ido 22 a santimita 10. Falle santimita 20. Guda 16 na jariri, 35 na babban yaro. Hula ido 64, ta bakwaini 52, safa 28. Shiri na gaba zai zo da bayanin yadda ake ɗinke fallaye su zama bargo, da yadda ake yi masa baki da kwarashi, don haka a zo da fallen farko a hannu. Allah Ya ba da ikon yi, Ya raya jariran da za a saƙa wa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)